Mai kwanan baranda ma yana da hawan jini

Kwanakin baya wata ƙungiya ta kafa rumfa a bakin kasuwar unguwarmu a Kano tana awon jini kyauta. Ina tsaye aka ɗaura wa wani dattijo ɗan dako na'urar a damtse, ta nuna 178 bisa 104. Likitoci kuwa daga 140 bisa 90 suke cewa jini ya hau. Ma'aikaciyar ta ce, "Baba, ka rage gishiri, ka riƙa samun isasshen barci, gobe ka je asibiti." Ya ce, "To 'yata, Allah ya yi albarka." Ya naɗe takardar ya cusa a hula, ya koma ya ɗauki gammonsa.

Na san dattijon nan. A barandar wani shago yake kwana a kan kwali, kuma kafin assalatu mai gadi ya tashe shi. Irinsa suna da yawa a tashoshin mota da ƙarƙashin gada: 'yan cirani, 'yan gudun hijira, da waɗanda kuɗin haya ya gagara.

Shawarar da aka ba shi ba ta da aibu, sai dai an ɗinka ta ne daidai wuyan mai ɗaki da tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babba ya kai giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan. To wanda ba shi da murhu, yaya zai auna? Abin da mai garau-garau ko mai shayi ya zuba masa, da gishirinsa da ɗunƙulensa, shi zai ci. Da yamma jiki ya yi tsami, sai ya sayi diclofenac ko ibuprofen wajen mai tallan magani, waɗanda yawan shansu ke ƙara hawan jini yana kuma cin ƙoda. Hawan jini ciwo ne da ba ya ihu. Wata rana kawai a ji ɓarin jikin mutum ya shanye, a ce iska ce ta buge shi.

Abin da ya fi damuna shi ne zaɓin magani. Akwai masu sa yawan fitsari, irin su hydrochlorothiazide. Ka ba mutumin da sai ya biya kuɗi yake shiga banɗaki, kwana uku zai jefar da shi, kuma ba zan ga laifinsa ba. Amlodipine kuwa ƙwaya ɗaya ce a rana, ba ta neman firji, ba sai an ci abinci ba. Da ita tsarin ba da maganin hawan jini da aka soma a ƙananan asibitocin Kano da Ogun a 2020 yake farawa. Don haka ya kamata ma'aikacin lafiya ya tambayi "Ina kake kwana?" kafin ya ɗauki biro.

Ra'ayina, awon yini ɗaya da ba a biyo shi da magani ba tayar da hankali ne kawai. Ɗan dako ba zai bar aikin yini ya je layin kati ba, domin ranar da bai yi dako ba bai ci ba. A kai masa inda yake. Ma'aikacin lafiya ɗaya da na'ura ɗaya, rana ɗaya tsayayya kowane wata, a ofishin 'yan kamasho ko harabar masallacin kasuwa bayan la'asar. A ba shi maganin wata guda a leda mai zif saboda damina, kuma in yana tsoron a sace masa cikin dare, mai kemis na kusa ya ajiye masa.

Za a ce ina kuɗi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko, kuma marasa galihu ne kan gaba a manufarsa. Sai a daina tsayawa kan adireshi wajen rajista, a karɓi shaidar sarkin kasuwa ko limamin da yake ganin mutumin a sahu kullum.

Shekaranjiya na sake haɗuwa da dattijon, buhun shinkafa a kansa. Na tambaye shi ko ya je asibitin. Ya ce sai ciniki ya ɗan lafa.