Dutsen Agadas ya tafi, na Zagami kuma mun manta da shi

Jama'a, tun ranar da labarin gwanjon nan ya fito nake juya maganar a raina, yau dai na ce bari in amayar da ita.

Ranar 16 ga Yulin 2025, a birnin New York na Amurka, kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da wani dutse a kan dala miliyan 5.3 idan an haɗa da la'ada. Nauyinsa kilo 24 da 'yan kai, wato kusan rabin buhun siminti. Dutse ne da ya ɓantaro daga duniyar Mas, kuma a cikin duk ɓaraguzan Mas da aka taɓa tsinta a doron ƙasa babu wanda ya kai shi girma. A ina aka tsince shi? A hamadar jihar Agadas ta Nijar, cikin Nuwamban 2023. Daga nan ya ɓulla Italiya, aka yanki ɗan ƙanƙani aka aika Shanghai ta China don a tantance shi, sannan ya ƙare a hannun mai saye da ba a faɗi sunansa ba. Gwamnatin Nijar ta ce ba ta yarda da yadda ya fita ba, ta buɗe bincike, ta kuma dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu. Kamfanin ya ce shi da takardunsa cikakku.

Na bi muhawarar da aka yi ta yi a Facebook a lokacin. Kusan kowa lissafin kuɗin yake yi: nawa ke nan a sefa, nawa a naira, rijiyoyi nawa za a haƙa da su. Ban raina wannan lissafi ba, kuɗi ne masu yawa kuma talakan Agadas ya fi kowa buƙatarsu. Amma ni abin da ya tsaya mini a wuya daban ne. Sunan dutsen. A littafin masana sunansa NWA 16788, wato lamba ce kawai a jerin duwatsun arewa maso yammacin Afirka. Babu Agadas a ciki, babu Nijar. Al'adar masana ita ce a raɗa wa dutsen da ya faɗo daga sama sunan wurin da ya sauka, amma na hamadarmu da yawa sai sun bi hannun dillalai uku ko huɗu kafin su isa ɗakin bincike, sai a tara su ƙarƙashin suna guda a bi su da lamba.

To mu a nan muna da wanda ya riƙe sunansa, kuma shi ne ya fi ba ni takaici.

Ranar 3 ga Oktoban 1962, a Zagami, cikin lardin Katsina na wancan lokaci, yankin Faskari a yau, wani manomi yana gonarsa yana korar hankaki. Sai ya ji ƙara kamar tsawa, iska ta buge shi, wani abu ya daki ƙasa 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye. Da tsoro ya sake shi ya matsa, sai ga baƙin dutse a cikin ramin da ya huda. Kilo 18. Aka kai shi ofishin binciken ma'adinai a Kaduna. A ranar babu wanda ya san daga ina yake, ko a Turai ma ba a sani ba.

Sai da aka yi shekaru kafin asirin ya tonu, kuma yadda aka gano shi ne abin da nake so kowane ɗalibi ya ji. A 1976 Amurkawa suka saukar da na'urori biyu masu suna Viking a kan Mas, suka auna iskar can, suka samu cewa haɗin sinadaranta ya sha bamban da namu. A 1983 wasu masana suka duba wani dutse da aka tsinto a ƙanƙarar Antaktika, suka tarar da 'yan ƙananan aljihuna na gilas a cikinsa, inda dutsen ya narke ya sake daskarewa lokacin da wani abu mai ƙarfi ya buge shi. Cikin aljihunan akwai iska a kulle. Da aka auna ta, sai ta zo daidai da abin da Viking ya auna. A 1995 aka samu irin wannan iska a cikin dutsen Zagami. Ku tsaya ku yi tunani: iskar wata duniya, a rufe cikin dutse, ta faɗo gonar wani bawan Allah a ƙasar Katsina. Masana sun ƙiyasta cewa dutsen ya daskare ne daga narkakken dutsen aman wuta kimanin shekara miliyan 180 da suka wuce, wani babban dutse ya daki Mas ya cillo shi sararin samaniya kimanin shekara miliyan 3 baya, ya yi ta shawagi har ranar da Allah Ya ƙaddara masa sauka.

Duwatsun Mas da aka tantance a duniya ba su fi 'yan ɗaruruwa ba, kuma kusan duk tsintar su aka yi bayan sun daɗe a kwance. Waɗanda aka ga faɗowarsu da ido biyar ne kacal: Chassigny a Faransa 1815, Shergotty a Indiya 1865, Nakhla a Masar 1911, Zagami 1962, sai Tissint a Maroko 2011. Uku cikin biyar a Afirka. Darajar wanda aka ga faɗowarsa ita ce an ɗauke shi da wuri, ruwa da ƙura da ƙwayoyin halittar duniyarmu ba su gama shiga jikinsa ba. Shi ya sa gutsattsarin Zagami suka bazu a jami'o'i da gidajen tarihi na ƙasashe da dama. Har ma a 1996 aka saka wani ɗan ƙwaya nasa cikin kumbon Mars Global Surveyor, aka harba shi ya je yana zagaya duniyar da ya fito.

Ni malamin makaranta ne, kuma na sha tambayar ɗalibaina ko sun taɓa jin wannan labari. Ban taɓa samun wanda ya ɗaga hannu ba. Ba laifinsu ba ne, ni ma sai da na girma na ci karo da shi. Yaron da ya san Zara matar wata, ya san Kaza da 'ya'yanta, ya ji kakarsa tana ba da labarin gatarin aradu, wannan yaro ba baƙon sama ba ne. Mu ne ba mu ɗora masa komai a kan abin da ya taso da shi ba.

Ku dubi abin da wasu suke kashewa don samun kwatankwacin abin da yake faɗo mana kyauta. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba kumbon OSIRIS-REx a 2016, ya je wani dutsen sararin samaniya mai suna Bennu, ya dawo da ƙurarsa a Satumban 2023. Shekara bakwai, sama da dala biliyan 1, kuma abin da ya kawo giram 121.6 ne, bai kai nauyin ƙananan gwangwanayen tumatir biyu ba. Amma cikin wannan 'yar ƙura, a Janairun 2025, aka ba da sanarwar samun 14 daga cikin sinadarai 20 da jikin mai rai yake gina furotin da su, da dukkan haruffan sinadarai biyar da ake rubuta bayanan gado da su a ƙwayar halitta. China ta ɗebo kusan kilo 2 daga bayan wata a 2024, ɓangaren da ba ma taɓa gani daga nan. A Mas kuwa, motar bincike marar matuƙi ta NASA mai suna Perseverance da ta sauka a 2021 ta ci karo da wani dutse mai ɗige-ɗige kamar jikin damisa a tsohon kwarin kogi, kuma a Satumban 2025 masana suka ce ɗige-ɗigen na iya zama sawun ƙananan halittu da suka rayu can a da. Na iya zama, suka ce, ba su yanke ba. Ba za a yanke ba sai an kawo samfurin dutsen nan duniyarmu an saka shi ƙarƙashin manyan na'urori, kuma an ƙiyasta kuɗin kawo shi zai iya kaiwa dala biliyan 11, abin da ya sa shirin ya shiga tangal-tangal.

Gaskiya ɗaya ce, sai in faɗe ta: dutsen da ya faɗo da kansa ba zai maye gurbin wanda aka je aka zaɓo ba. Ba a san takamaiman wurin da ya ɓantaro a Mas ba, kuma irin su Zagami duwatsun aman wuta ne, ba laka ce ta gindin tafki ba inda ake sa ran sawun rai. Amma har yau ɗin nan, duk wani yanki na Mas da ɗan Adam ya taɓa riƙewa a hannunsa irin wannan ne, faɗowa ya yi.

Na san abin da wasu za su rubuto mini a ƙasa. Malam, mutanen Faskari ba sa iya kwana a gidajensu saboda 'yan bindiga, kai kana maganar dutsen sama. Wallahi na ji wannan, kuma ya fi komai ciwo. Amma ban ga inda koya wa yaro cewa sunan ƙauyensu yana cikin littattafan kimiyya na duniya zai rage wa jami'in tsaro harsashi ba. Kuma ba kumbo nake cewa mu harba ba. Abin da nake roƙo ƙarami ne. A sami doka bayyananna a Nijar da Najeriya wadda za ta ce duk dutsen da aka tsinta a rubuta inda aka same shi, a yanki kaso a ajiye a sashen nazarin ƙasa na jami'a, ko Zariya ko Kano ko Yamai, sannan mai tsintuwa ya sayar da sauran a fili da farashin gaskiya. Ba na goyon bayan a mayar da makiyayi ko direban hamada ɓarawo don ya ɗauki dutse. In aka ce za a ƙwace, ɓoyewa zai yi, dillali ya saya da araha cikin dare, mu yi biyu babu. Hamada tana adana waɗannan duwatsu saboda bushewarta, baƙin dutse kuma yana fita sarai a kan farin rairayi, don haka za a ci gaba da tsintar su ko muna so ko ba ma so. A Najeriya ma ba Zagami kaɗai ba ne: akwai na Mayo Belwa da ya faɗo a 1974, akwai na Gujba a 1984.

Akwai kuma abin da ba ya jiran gwamnati. Yaron da yake ɗan shekara goma a Zagami ranar da dutsen ya faɗo, yau dattijo ne da ya haura saba'in. Labarin da duniya ta sani 'yan layuka ne da aka rubuta da Turanci, ko sunan manomin ba a cika ambata ba. In akwai ɗan Zagami ko na kusa da ita a cikin masu karanta wannan, don Allah ka je wurin tsofaffinku da wayarka, ka gaishe su, ka tambaye su ranar da aka ji ƙarar nan, gonar wa ce, wa ya fara taɓa dutsen, wa ya ɗauke shi zuwa wurin hakimi, me mutane suka ce a kansa. Ka naɗi muryarsu. In ka samu, ka turo mini, ina so in kunna wa ɗalibaina a aji.