A bar ɗalibin kimiyya ya ƙera abu da hannunsa

A makarantunmu na sakandare da dama, ɗalibin aji biyar zai karanto maka darasin zafi da tururi tiryan-tiryan, kamar yadda malam ya rubuta a allo. Tambaye shi dalilin da ya sa ruwan randa ke sanyi, sai ya hau sosa ƙeya. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya.

A ganina, gyaran shi ne a riƙa ɗora wa yara matsala ta gaske, su ƙera maganinta da kansu. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya saka ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe bakin da ɗanyen tsumma. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bushewa, yana tafiya da zafin ciki, kayan miya su daɗe ba su ruɓe ba. Da wannan aiki ya ci lambar yabo ta Rolex a 2000.

To, a raba aji rukuni-rukuni, a ce kowanne ya haɗa tukunyar da za ta fi adana tumatir. Su auna zafin cikinta da hantsi da azahar, su rubuta. Wasu su ƙara kaurin yashin, wasu su gwada garin gawayi, wasu su kai tasu inda iska ke kaɗawa. Wanda tasa ta ƙi sanyi dole ya nemo dalili, ya sake haɗi, kuma a nan karatun yake. Idan damina ta faɗi suka ga sanyin ya ragu, bayanin laimar iska zai zauna musu daram.

Malamai za su ce manhaja ta yi yawa, ga WAEC da NECO na tafe, ga aji maƙil da yara. Gaskiyarsu. Amma aiki ɗaya a zango ba zai cinye manhaja ba, muddin an ɗaure shi da darasin da dama za a koyar. Tukunya da yashi kuwa ba sa jiran kasafin gwamnati, ma'aunin zafi kaɗai za a saya.

Hatsarin da nake hange shi ne abin ya zama na baje koli, a zaɓi yara uku masu ƙoƙari su haɗa wani abu ranar zuwan baƙi. Kowane ɗalibi ya kamata ya sa hannu, shugabannin makarantu kuma su ware wa aikin maki a cikin gwajin zango, domin ɗalibi ba ya ɗaukar abin da babu maki da muhimmanci.