Milimita biyu da rabi a takardar gwajin zuciya, da ƙurar da ta tayar a Amurka

Duk wanda aka taɓa yi wa gwajin zuciya na ECG ya san takardar nan mai ƙananan gidaje kamar littafin lissafin 'yan firamare, da layi yana hawa yana sauka a kanta. Kowane ƙaramin gida milimita ɗaya ne, kuma yana wakiltar milisakan 40 (milisakan ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa). A kan gida biyu da rabi na wannan takarda aka yi ta kai ruwa rana a Amurka a farkon 2023, har maganar ta kai majalisar dattawa.

Abin da ya faru shi ne, a watan Oktoba na 2022 hukumar FAA, mai kula da sufurin jiragen sama a Amurka, ta yi gyara a littafin da likitocinta ke bi wajen duba lafiyar matuƙa jirgi. Akwai wani awo da ake kira tazarar PR, wato lokacin da saƙon lantarki ke ɗauka kafin ya sauka daga ɗakunan zuciya na sama zuwa na ƙasa. A littattafan likitanci, daidai shi ne tsakanin milisakan 120 zuwa 200. Sabon gyaran ya ce matuƙin da tazararsa ta ɗara haka amma ba ta kai 300 ba, kuma ba ya jin wata alamar ciwo, likita zai iya ba shi takardar lafiya ba tare da ƙarin bincike ba. Wannan ƙarin milisakan 100, daga 200 zuwa 300, shi ne gida biyu da rabin nan. Wanda ya kai 300 ko ya wuce, har yanzu sai an zurfafa bincike a kansa.

A watan Janairu wani attajirin fasaha mai suna Steve Kirsch, wanda ba likita ba ne, ya rubuta cewa FAA ta amsa laifi a ɓoye: wai allurar korona ta lalata zukatan matuƙa, shi ya sa aka sassauta doka don kada a rasa masu tuƙa jirage. Mai gabatar da shirin talabijin Tucker Carlson ya ɗauki zancen a tashar Fox News, Sanata Ron Johnson kuma ya aika wa hukumar wasiƙa yana neman bahasi. Daga nan sai labari ya yi fukafuki.

Na san abin da mai karatu zai ce: ruwa ba ya tsami banza. To, mu duba ruwan.

Jinkirin saƙon nan ba sabon abu ba ne, kuma sau da yawa ba ciwo ba ne. Ana yawan ganinsa a jikin 'yan gudun fanfalaki da masu motsa jiki sosai, waɗanda zuciyarsu ke bugawa a hankali saboda ƙoshin lafiya. Shekaru ma suna ƙara shi, haka wasu magungunan hawan jini. Tun kafin a ji sunan korona likitocin zuciya sun fi sa ido ne a kan wanda tazararsa ta haura 300, don a nan ne mutum kan fara jin jiki. Abin da FAA ta faɗa ke nan da aka matsa mata: ƙwararrun da take tuntuɓa sun ce ƙasa da 300 ba ya jefa matuƙi cikin haɗarin sumewa a bakin aiki. Ta ƙara da cewa ba ta da shaidar wani haɗarin jirgi ko matuƙin da ya kasa aiki a sama sanadiyyar allurar.

Ba zan ce allurar ba ta taɓa zuciyar kowa ba, domin ƙarya ne. Alluran Pfizer da Moderna suna haddasa kumburin tsokar zuciya ga mutane ƙalilan, kuma hukumomin lafiyar Amurka da kansu suka sanya gargaɗin a watan Yuni na 2021. Amma a lura da waɗanda abin ya fi shafa: samari, daga 'yan shekara goma sha zuwa ƙasa da talatin, galibi cikin 'yan kwanaki bayan allura ta biyu. Shi kuwa gwajin ECG na matuƙan jiragen fasinja, ana fara yin sa ne a shekara 35, sannan duk shekara daga 40. Wato waɗanda kumburin ya fi kamawa ba su ma kai shekarun gwajin ba. Ban da haka, mai kumburin zuciya ciwon ƙirji da haki ke kai shi asibiti, a gano shi da gwajin jini da hoton zuciya. Idan nufin hukuma shi ne ta rufe wannan ciwo, to ta kulle taga ne ta bar ƙofa a wangale.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. A nan ne nake ganin laifin FAA. An yi gyaran ne a lokacin da rikicin tilasta allura bai gama lafawa ba. Kamfanin United Airlines ya wajabta wa ma'aikatansa allurar tun Agustan 2021, kuma akwai matuƙan da har lokacin ransu a ɓace yake. A irin wannan yanayi ka taɓa ma'aunin zuciya, ka saka shi a jerin gyare-gyaren littafin likitoci ba tare da bayanin da talaka zai fahimta ba, ai ka miƙa wa masu neman abin faɗa makami da hannunka. Ba ɓoyewa aka yi ba, littafin yana intanet kowa na iya buɗewa. Amma ajiye abu a fili daban, bayyana dalilinsa daban. Da hukumar ta fitar da shafi guda tun a Oktoba ta ce ga binciken da muka dogara da shi, da Kirsch bai samu kalmar "a ɓoye" ya kafa kasuwarsa a kai ba. Ita ce hukumar da tun Disamban 2020 ta hana matuƙa tashi na awa 48 bayan kowace allura, kuma ta sanar da hakan a sarari. Ashe ta iya magana in ta ga dama.

Mu nan ba baƙi ba ne a wannan hanya. Gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 gaskiya ne, ya faru, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma zargin da ya biyo baya, cewa ɗigon rigakafin shan inna yana hana haihuwa, bai tabbata ba. Kano ta dakatar da ɗigon a 2003, ta dawo da shi a tsakiyar 2004, kafin nan cutar ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, daga baya ma ta kai har Indonesiya a 2005. Sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar Najeriya ta kuɓuta daga ƙwayar cutar ta asali.