Koriya ta Kudu: kuɗin goyo ba zai sa matasa su yi aure ba

A shekarar 2023 ma'aunin haihuwa a Koriya ta Kudu ya sauka zuwa 0.72, wato mata 100 za su haifi 'ya'ya 72 kacal a tsawon rayuwarsu. A Seoul, babban birnin ƙasar, 0.55 ne, alhali sai ya kai 2.1 al'umma ke riƙe yawanta. Na ƙasar ya ɗan ɗago zuwa 0.75 a 2024, amma ni ban ga abin rangaɗa guɗa ba tukuna.

Gwamnati ta kashe sama da dala biliyan 200 cikin shekara 16 don a haihu. Kamfanin gine-gine na Booyoung ma ya riƙa ba ma'aikatansa won (kuɗin ƙasar) miliyan 100 kan kowane jariri. Sai dai kuɗin suna zuwa ne bayan an haihu, matsalar kuwa tun daga ɗaurin aure take. A 2023 jariran da aka haifa ba da aure ba ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, don haka in aure ya ja baya, haihuwa ta bi shi.

Gida ne ke hana auren. Kusan rabin mutanen ƙasar sun cunkushe a Seoul da kewayenta saboda aiki. A tsarin hayarsu na jeonse, mai haya kan ajiye wa mai gida kafin alƙalami da yakan kai rabin kuɗin gidan ko fiye, kuma al'ada ta ɗora wannan a wuyan ango. Saurayin da haya da lefe suka zaunar a Kano ko Maraɗi ya san wannan ciwon.

Mace kuma ta duba ta ga abin da ke jiranta. Tazarar albashi tsakanin maza da mata a can ta fi ta kowace ƙasa a ƙungiyar OECD, wadda galibin mambobinta ƙasashe ne masu arziki. In ta haihu, sau da yawa ita ce za ta ajiye aiki, ga kuɗin makarantun lesin da yara ke zama a ciki har ƙarfe 10 na dare. Wa zai ce mata ta yi son kai don ta ƙi?

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, a 2023 ɗin nan gwamnatin da ke roƙon a haihu ta kawo shawarar ɗaga iyakar aikin mako daga awa 52 zuwa 69, sai da matasa suka yi ca ta janye. A ganina gyara daga nan ya kamata ya fara: a rage awannin aiki, a saukar da kuɗin gida, a tabbatar wa mai jego kujerarta a ofis idan ta dawo.