Ba soyayya kaɗai Hajiya Balaraba ta rubuta ba

Na karanta wani labari da ya kira Hajiya Balaraba Ramat Yakubu "marubuciyar soyayya". Labarin ya yi kyau, sai dai kiran ta haka kawai an rage mata. Masu cewa littattafan Kano na ɓata tarbiyya, sun karanta littafinta Alhaki Kuykuyo Ne kuwa? Labarin Rabi ne fa, wadda Alhaji Abdu ya kora da 'ya'yanta bayan ya auro karuwa, ta koma sayar da abinci ta riƙe su. Ina ɓata tarbiyya a nan? Littafinta Wa Zai Auri Jahila? kuma auren dole ya taɓo, shi ya sa wasu maza suka ji zafi. A 2012 har Indiya aka buga fassarar Alhaki da Turanci. Ni dai littafinta Budurwar Zuciya bai kamo ƙafar waɗannan biyun ba.