Na'urar ganin kifi da batirin da ba ya kwana da ƙoshi

Kawu ya fi shekara hamsin yana su a tafkin Kainji. Yana yaro aka gama madatsar a 1968, ruwa ya ci tsohon ƙauyensu, aka dawo da su tudu a ƙasar Yawuri. Wannan mutumin ne ni, malamin makaranta da ko iyo bai iya sosai ba, na tashi takanas a hutun bara zan koya wa kamun kifi na zamani.

Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa wata na'ura ce da na saya hannun wani abokina. Allonta bai fi tafin hannu ba, tana da wani ɗan ido da ake ɗaurawa a gindin jirgi. Idon yana aika sauti ƙasan ruwa, sautin ya bugi abu ya dawo, sai allo ya nuna zurfi, kifi kuma ya fito kamar jinjirin wata. Abincinta batir mai bolt 12, don haka na haɗo da wani tsohon batirin mota da na samu da araha. Araha dai ba ta ado, amma lokacin ban ji wannan karatun ba.

Ƙauyenmu babu wuta, duk da ruwan da ke ba ƙasa lantarki a bayan gidanmu yake kwance. Tun daren da na sauka, Auta, ƙaramin ɗan Kawu, ya ce in riƙa ba shi wayata da naira ɗari yana kai mini caji. Na ce yaron nan akwai hankali.

Ranar farko na zauna a tsakiyar jirgi kamar direban jirgin sama. Allo ya kawo haske, ya nuna zurfin mita 9, can sai ga jinjirin wata har uku. Na daka tsalle na ce, "Kawu, ga su nan! Giwan ruwa ne wallahi!" Kafin ya juyo, igiyar ruwa ta ɗan girgiza mu, allo ya yi ɗif.

Kawu ya leƙa, ya ga baƙin gilashi da fuskarsa a ciki. Ya ce, "To, ni dai tsoho na gani, ɗan nan. Shi ma kifi ne?"

Yaran jirgi suka ce mutanen ruwa ne ba sa son a leƙa musu gida. Na yi musu lacca a kan camfi, amma a zuci na karanta abin da ya sawwaƙa.

Da muka fito na duba kan batirin. Wani farin gari mai ratsin kore ya lulluɓe shi kamar an barbaɗa kuka a kan tuwo, wayoyin kuma da hannu na murɗa su na ɗaure da leda. Jirgi na motsi, waya na sakin jiki. Na jiƙa kanwa a ruwan zafi na wanke, ta yi ta kumfa, na goge da samfefa har dalma ta fito fes, na sa maƙalai na gaske na ɗaure da sifana, na shafe da giris. Washegari na'ura ta yi awa guda cur tana aiki. Daidai lokacin da Kawu ya fara matsowa yana satar kallo, ta yi ƙara sau biyu ta sake mutuwa.

Nan na ɗauki batir da na'ura, muka tuƙa jirgin har bakin ruwan Yawuri, na kirawo wani mai gyaran wayar mota. Ya ɗora mitarsa ta awon wuta, ta nuna bolt 11.6. Ya ce cikakken batir 12.6 yake nunawa, wannan kuwa yunwa ta gama da shi, da an ɗora masa kaya sai ya zube ƙasa da 10, na'urar ta kashe kanta. Na gyara tsayuwa na ce ba zai yiwu ba, ai kullum injin jirgi yana aiki, kuma kowa ya san inji ke cajin batir.

Ya ce in tayar. Na ja igiya, inji ya kama. Ya ce in da caji na shiga, da mita ta haura wajen 14. Ba ta ko motsa ba. Sai ya dube ni, ya dubi injin, ya ce, "Malam, don Allah wace waya ce ta taso daga injin nan zuwa batirin?"

Na duba. Babu. Injin doki 15 ne na jan igiya, yana can gindin jirgi, batir yana nan ƙarƙashin benci, ko gaisawa ba su taɓa yi ba. Ni ina zaton zaman jirgi ɗaya ya isa. Ya ce ko an ja waya ma sai an sa wata 'yar na'ura mai daidaita wutar kafin batir ya karɓa. Kawu yana gefe yana gyaran birgi, bai ce uffan ba, kafaɗunsa ne kawai ke rawa.

Muka bar batirin ya kwana a wurin mai caji, aka ƙara masa ruwan batir. Da na ɗauko shi 12.5, na sayi 'yar mita tawa don kada a sake yi mini dariya. Na ajiye shi a zaure da magariba. Da asuba na auna: 11.8. Aka sake caji, aka sake kwana, aka sake zubewa. Na kira wanda ya sayar mini da shi na wanke shi tas, har da cewa ya ji tsoron Allah. Bawan Allah yana ta rantsuwa.

Dare na uku zafi ya hana ni barci, na fito shan iska wajen ƙarfe ɗaya. Sai na hango haske a zaure, da ƙananan fitilu ja da kore suna ƙyaftawa kamar idanun kada. Na tuna maganar mutanen ruwa, gwiwata ta yi sanyi. Na yi ta maza na leƙa.

Auta ne zaune a kan tabarma, fanka 'yar ƙarama tana kaɗa masa iska, ƙwan fitila a rataye. Ya maƙala wayoyi a kan batirina, ya jera wayoyin hannu goma sha huɗu, kowace da takardar sunan mai ita, ga gwangwanin madara cike da 'yan ɗari-ɗari. Ta uku daga dama tawa ce.

Ya ɗago ko a jikinsa ya ce, "Yaya, taka saura kaɗan ta cika. Amma ba ka ba da kuɗin jiya ba."

Da safe na kai ƙara wurin Kawu. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce shi ba zai iya shari'ar nan ba, domin tasa wayar ce ta biyar a layi. Ya miƙo mini filafili ya ce in zo mu tafi, ya ga tsuntsaye na shawagi a gabas da tsibiri, ƙarfasa ta taso.