Wasa Ɗaya Ya Rage

Teburin mai shayi a wata unguwa cikin Kano, bayan isha'i. Mai Shayi Bakano ne gaba da baya, hannu ɗaya na kaɗa ƙwai, ido ɗaya na kan littafin bashi. Ticha, Bazazzagin da ya yi ritaya, yana gefe da rediyonsa. Kawu ya kawo wake Dawanau daga ƙauye, motar komawa ta tafi ta bar shi. Sai ga Ɗan Birni cikin rigar Arsenal, da takarda da biro.

ƊAN BIRNI: Salamu alaikum. Kowa ya sa hannu a nan. Wanda bai iya rubutu ba ya dangwala.

MAI SHAYI: Wa alaikumus salam. In takardar biyan bashi ce miƙo, ni zan fara.

ƊAN BIRNI: Takardar koke ce. Majalisa za ta hana mu buga wasa a waya. Mu matasa mun ce ba mu yarda ba.

KAWU: Wane wasa, ɗan nan? Langa?

MAI SHAYI: Caca, Kawu. Caca yake nufi.

ƊAN BIRNI: Hasashe dai. Ilimi ne mai zaman kansa. Sai ka san wa ya ji ciwo, wa aka ba jan kati, wa ke gida, wa ke waje.

MAI SHAYI: Wa ke gida kam mun sani. Matarka ce, tana jiran cefane tun hantsi.

TICHA: Dakata, bawana, bari mu ji. Yaro, ina ka samo labarin?

ƊAN BIRNI: A WhatsApp, Ticha. Ga shi, an ce a tura wa mutum goma.

TICHA: (ya gyara tabarau) Kai, wannan labari ai ya girmi wayarka. Tun Fabrairun 2024 ne. Wani ɗan majalisar wakilai daga Ribas, Kelechi Nwogu, shi ya tashi ya ce cacar ƙwallo na cinye samari, har ya ce kusan mutum miliyan 60 ke yi, 'yan shekara 18 zuwa 40. Jaridu suka buga cewa za a haramta, samari suka cika intanet da zagi. Alhali ba doka aka yi ba, jan hankali ne, aka miƙa wa kwamiti.

KAWU: Shi Kwamiti ɗin sarkin ina ne?

MAI SHAYI: Rijiya ce a Abuja, Kawu. In an jefa abu ba a jin ƙarar faɗuwarsa.

ƊAN BIRNI: Miliyan 60! Kun ji da kunnenku. Shugaban ƙasa ma da ƙuri'a miliyan 8 da ɗoriya ya ci zaɓen 2023. In muka haɗa kai, wallahi sai mun zaɓi namu.

MAI SHAYI: Ku tsayar. Sai dai ranar Asabar ake zaɓe, ranar Firimiya. Ko wakilin akwati ba za ku samu ba.

ƊAN BIRNI: Ku yi ta dariya. Na gama digiri shekara shida, takalmi uku na kashe wajen neman aiki. Gwamnati ba ta ba ni aiki ba, ba ta ba ni wuta ba, litar mai ta fi ƙarfina. Kamfanonin nan kuma haraji take karɓa a hannunsu tana sa wa a aljihu. Sai naira ɗari biyun da nake sayen fata da ita ce ta tsone musu ido?

TICHA: Wannan kam ka yi magana. Batun haraji gaskiya ne, batun aiki ma gaskiya ne.

MAI SHAYI: Batun ɗari biyun ne ƙarya. Tawa ce. Shafi na tara, ga shi nan: indomi biyu, ƙwai uku, shayi mai kauri, "in tikiti ya ci." Shafi na goma, "in tikiti ya ci." Rabin littafin nan sunan mutum ɗaya ne ke maimaituwa, Malam In-Tikiti-Ya-Ci. Ni dai a hana, ko na ga kuɗin madarata.

KAWU: To ba na ji an ce Hisba ta kulle shagunan ba?

TICHA: Ta kulle. Oktoban 2024, shago 30 a samame guda, nan cikin Kano. Iyaye ne suka kai ƙara, yara na barin makaranta suna tarewa a can.

ƊAN BIRNI: Aka kulle shago, shago ya dawo aljihu. Da sai na taka sayyada na je na bi layi, kowa na ganina. Yanzu ina kwance a ɗaki, ko Baba bai sani ba.

KAWU: To a kama aljihun mana.

MAI SHAYI: A kama, babu komai a ciki. Na laluba.

TICHA: Kuma takardar nan taka, wa za ka kai wa?

ƊAN BIRNI: Abuja.

TICHA: Ka ɓata hanya. A Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005. Ta ce ba hurumin Majalisar Tarayya ba ne, na jihohi ne, Abuja ta tsaya iya Abuja. Legas ce ta shigar da ƙarar tun 2008.

KAWU: Shekara goma sha shida? Shari'ar gonarmu da 'yan uba ma ba ta kai haka ba, har alƙalin ya rasu.

TICHA: Legas tana so ta karɓi harajinta da kanta, ta yi murna. Kano kuwa tun 2000 take kan shari'ar Musulunci, ita ma ta yi murna, don yanzu ba mai nuna mata lasisin Abuja. Hukunci ɗaya, masu guɗa biyu, kowa da dalilinsa.

ƊAN BIRNI: Wato in na tsallaka wata jiha shi ke nan?

MAI SHAYI: Ka tafi Zariya wajen su Ticha. Can ko caca za a yi sai an fara rubuta muƙala a kanta.

TICHA: Mu da muke rubutawa ai mun fi masu ƙirga ƙwai. Abin da nake so ka gane, bawana, waya ba ta san Kwanar Dangora ba. Doka tana tsayawa a iyakar jiha, sabis yana wucewa. Amurka ma da ƙarfinta ta sha wannan. A 2006 majalisarsu ta rasa yadda za ta yi, sai ta liƙa dokar cacar intanet a gindin wata dokar tsaron tashoshin jiragen ruwa, ana dab da tafiya hutun zaɓe, ta wuce, Shugaba Bush ya sa hannu.

KAWU: Me ya haɗa jirgin ruwa da caca?

TICHA: Abin da 'yan kartar Amurka suka yi ta tambaya ke nan. Har ƙungiya suka yi, suna ta sintiri majalisa. Dabarar dokar kuwa, ba ɗan caca ta bi ba, banki ta bi. Ta ce kada a bari kuɗin su wuce.

MAI SHAYI: Yawwa! Masu hankali. A tare kuɗi a hanya, hanyar ta biyo ta gaban teburina.

TICHA: A Afrilun 2011 hukumomin Amurka suka rufe manyan shafukan karta uku rana ɗaya. Sai ga 2018, kotun ƙolinsu ta ce kowace jiha ta zaɓa wa kanta game da cacar wasanni. Yau tallar caca ta cika musu talabijin.

ƊAN BIRNI: Allah ya ja zamanin Amurka.

TICHA: Kada ka yi saurin tafi. Indiya a Agustan 2025 majalisarta ta hana wasannin kuɗi na intanet cikin 'yan kwanaki, har kamfanin da sunansa ke ƙirjin rigar 'yan wasan kurket na ƙasar ya janye.

ƊAN BIRNI: Shi ya sa za mu yi zanga-zanga tun kafin abin ya iso. Mun ma tara kuɗin kwali da ruwan leda. Mutum arba'in, kowa ɗari biyar.

MAI SHAYI: Dubu ashirin. Suna hannun wa?

ƊAN BIRNI: Ni ne ma'aji.

MAI SHAYI: Inna lillahi. Suna ina?

ƊAN BIRNI: Na ga dubu ashirin ba za ta yi zanga-zangar mutunci ba. Sai na ce bari in juya su.

TICHA: Ka sa kuɗin yaƙi da hana caca a caca.

ƊAN BIRNI: Wasa goma sha huɗu na haɗa. Goma sha uku sun shiga. Ɗaya ya rage, yanzu haka ana bugawa. In ya shiga, miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu.

(Mai Shayi ya ajiye cokali. Ƙwai ya fara ƙauri.)

MAI SHAYI: Nawa ka ce?

ƊAN BIRNI: Miliyan ɗaya da ɗari biyu. Naka nawa ne ma?

MAI SHAYI: Dubu ashirin da uku da ɗari huɗu. Ban da kofin da ka fasa ranar da aka ci ku a minti na ƙarshe. Su wa ke bugawa?

ƊAN BIRNI: Wasu ne a rukuni na biyu na ƙasar Nowe. Sunan ba ya faɗuwa. Masu ɗorawar riga ne namu.

KAWU: Ka san iyayensu?

ƊAN BIRNI: Ko garinsu ban sani ba, Kawu.

KAWU: Ni ko akuya ba na ba wa wanda ban san gidansu ba kiwo.

(Alaramma ya biyo zai wuce gida. Wayoyi suka ɓace cikin aljihu, har da ta Ticha.)

MAI SHAYI: Allah gafarta Malam, fatawa. In mutum ya zo biyan bashi, wajibi ne a tambaye shi inda ya samo kuɗin?

ALARAMMA: In ka riga ka sani, tambayar ta mece ce? Ka duba Ma'ida, aya ta 90. Tare da giya aka ambace ta. Sai da safe.

(Ya wuce. Shiru.)

TICHA: To ka ji.

MAI SHAYI: Na ji. Kai kuma me ya sa ka ɓoye taka wayar?

TICHA: Bincike nake yi. Naira ɗari kawai, don in fahimci matsalar daga ciki.

ƊAN BIRNI: Wayyo, cajina saura kashi biyu! Minti na tamanin da biyar, muna gaba da ci ɗaya!

MAI SHAYI: Kawo nan! (ya fizge tasa wayar daga soket ya jona ta Ɗan Birni) Yau caji kyauta ne. Kai mai lamba huɗu, koma baya! Wa ya aike ka gaba? Fitar da ita waje! Ticha, wannan farin abin da ke zuba musu mene ne?

TICHA: Ƙanƙara.

MAI SHAYI: Alƙali ya tashi wasa mana, yaran mutane za su yi mura!

KAWU: Mai Shayi, ƙwanka ya ƙone.

MAI SHAYI: Bar shi, Kawu, a shafinsa zan rubuta. Kai! Kai! Gola, fito! Fito mana!

(Wayar ta yi ƙara. Ɗan Birni ya zauna daɓas a benci.)

ƊAN BIRNI: Sun farke. Tikiti ya yanke.

KAWU: Zanga-zangar fa?

ƊAN BIRNI: An ɗage sai abin da hali ya yi. Mai Shayi, haɗa min mai kauri, ka ƙara a littafi. Akwai wasan Burazil ƙarfe biyu na dare, wannan kam tabbas ne.

MAI SHAYI: Tashi ka ba ni wuri! Gobe da kaina zan rubuta wa majalisar jiha a toshe abin nan har a waya. Marasa tausayi, minti biyu ya gagare su riƙewa.

(Ya kankare kaskon da ƙarfi. Can ya rage murya.)

MAI SHAYI: Na Burazil ɗin, su wa ke gida?